Macen ƙadangarena mai gemu ta kai wata 13: in haɗa ta da namiji ko in jira?

Sadiq_KofarSauri:
Assalamu alaikum. Na san yawancinmu a nan masu tantabara ne da zomaye da kaji, to ku yi haƙuri da tambayata. Ina da ƙadangarun nan na Ostireliya masu gemu guda biyu, mace da namiji. Yayana ne ya kawo mini su daga Legas suna 'yan mitsi-mitsi. Macen yanzu watanta 13, namijin ya girme ta da kamar wata uku. Kowa da akwatinsa, amma suna hango juna. Sati biyu ke nan gemun namijin ya yi baƙi ƙirin, sai gyaɗa kai yake da ƙarfi yana karce gilashi. Ita kuma sai ta ɗaga hannu guda ta juya shi a hankali kamar mai yi wa baƙo sai an jima. Wanda ya sayar da su ya ce wa yayana wai alamar ta shirya ke nan. In haɗa su yanzu ko in dakata? Da me ake gane mace ta isa?

Shamsu_Zomaye:
Ikon Allah. Ƙadangare kuma? Sadiq ka zo bayan gidanmu a Sabuwar Unguwa, jangwada sun cika katanga, kyauta zan ba ka har da kwalin zubawa.

MamanIlham:
Kai Shamsu ba ka da dama. Yaro ya zo da tambaya tsakani da Allah. Ni dai ko a hoto ba na son ganinsu, amma ina nan ina sauraro.

BakatsineALegas:
Wa alaikumussalam ƙanena. Kada ka haɗa su. Na fara da wannan ne don kada ka gaji da karatu kafin ka kai ga amsar.

Shekara biyar ke nan ina kiwonsu. Ɗaga hannun da take yi ba kiran miji ba ne. Cewa take "na gan ka, na san ka fi ni, ka ƙyale ni." Ƙananan da ba su kai wata biyu ba ma suna yi wa manya haka, har namiji yakan yi wa namijin da ya fi shi ƙarfi. Baƙin gemun namijin kuwa labarin namijin yake ba ka, ba labarin macen ba. Shi ko ƙanƙanuwa ya gani haka zai yi.

Abu biyu ake dubawa: shekaru da nauyi. Mafi ƙarancin abin da masu kiwo suke yarda da shi shi ne wata 18 da giram 350. Da yawa ba sa haɗawa sai ta cika shekara biyu, ni ma ina cikinsu. Jikinta na iya yin ƙwai tun kafin ta shekara, ba a musu, amma iya yin ƙwai daban, iya fita daga wahalarsa lafiya daban. Ka nemo sikelin kicin na lamba, ka ɗora kwano, ka mayar da shi sifiri, ka sa ta ciki ka faɗa mana nawa ta yi.

Baba_Tantabara:
Ni ban san wannan halitta ba, amma maganar ɗan Legas ta shiga kunnena. Ko karsana ba a sakar ma bijimi don ta fara nema, sai ƙugunta ya buɗe. Sagarar kaza in ta fara ƙwai da wuri kun san yadda ƙwan ke sarƙe ta. Dabba duk ɗaya ce wajen wannan.

Sadiq_KofarSauri:
Na gode Yaya, na gode Baba. Na ari sikelin da ƙanwata take auna fulawar cincin. Giram 284. Amma wallahi in ka gan ta cikinta a cike yake, ba ta yi kama da ramammiya ba.

BakatsineALegas:
284 ba ta kai ba. Kuma faɗin ciki ba shi ne ma'auni ba, don suna baje jiki su yi fele-fele in suna shan zafi. Ka duba gindin wutsiya: in ya yi kauri, ƙasusuwan ƙugu ba su fito ba, to tana da jiki. Ka duba bayan idanu a saman kai, akwai 'yan tudu biyu na kitse; in sun lotsa, tana da saura.

Kabiru_Batagarawa:
Ni fa ban yarda da wannan lissafin na Turawa ba. A dajin Ostireliya wa ke ɗora su a sikeli? Wa ke ƙirga musu wata? Namiji ya gamu da mace, shi ke nan, kuma ba su ƙare ba har yau. Abu in Allah ya nufa ya yi, sai mu tsaya muna giram giram.

Likita_Hauwa:
Malam Kabiru, a daji wadda ƙwai ya kashe babu mai ganin gawarta, shaho ya ɗauke. Jinsin ba ya ƙarewa, amma ɗaiɗaikun suna mutuwa. Sadiq kuwa mace guda gare shi.

Bari in ɗan faɗi abin da ke faruwa a jikinta, tunda aikin dabbobi nake, ko da yake awaki da kaji ne suka fi zuwa hannuna. Ƙwai kowane ɗaya yana buƙatar sinadarin kalsiyam. In abincinta bai wadatar ba, jiki daga ƙashinta yake ɗiba. Mace mai wata 13 ƙashinta bai gama ginuwa ba, to ga gini ana yi ga kuma ana kwashe tubalin. Abin da ke biyo baya shi ne muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu su riƙa rawa, bayanta ya karkace. Na biyu, naman da ke turo ƙwai waje shi ma da kalsiyam yake aiki. In ya yi ƙaranci, ga ƙwai ya ƙosa amma babu ƙarfin naƙuda. Ga kuma ƙugu bai gama buɗewa ba. Nan ne ƙwai ke maƙalewa. Wani lokaci allurar kalsiyam da ta naƙuda kan taimaka, wani lokaci sai tiyata. Ku tambayi kanku, a nan kusa wa zai yi wa ƙadangare tiyata?

Sannan ba sau ɗaya za ta yi ba. Macen tana ajiye maniyyin namiji a jikinta. Barbara guda na iya sa ta yi ƙwai zubi uku ko huɗu a jere, tsakaninsu 'yan makonni, kowane zubi kamar 15 zuwa 25, wani lokaci ya haura. Ko ka raba su washegari, aikin gama ya gama.

Kabiru_Batagarawa:
To Likita, na ji ta ƙashi. Amma ta wata 18 ɗin nan har yanzu ina ganin wani ne ya zauna ya yanka.

Likita_Hauwa:
Wani ne ya yanka, gaskiyarka. Ba wahayi ba ne. Masu kiwo ne suka ga inda asara ta fi yawa suka ja layi a bayansa. Wata za ta kai 18 ba ta isa ba, shi ya sa ake haɗawa da nauyi.

Abba_Dutsinma:
Sadiq ka saurari mutanen nan. Ni na yi abin da kake shirin yi, ina dalibi. Tawa watanta 11, na sa ta akwati ɗaya da namiji don ba ni da kuɗin akwati biyu. Ban ma san an yi barbarar ba, sai dai na ga tabon cizo a wuyanta, ashe haka namijin ke riƙe ta. Bayan kamar wata guda cikinta ya yi ƙulu-ƙulu, kana shafawa kana jin su kamar ta haɗiye 'ya'yan kanya. Ta daina cin abinci, ta yi ta tonon kusurwar akwati dare da rana har farcenta ya ɗaye. Ni ban san ana ajiye mata wurin tono ba. Ta zubar da guda shida a kan jarida ta tsaya. Kwana uku tana kwance idanu a rufe, gemunta baƙi. Na kai ta wani asibitin dabbobi, mutumin ya yi iya ƙoƙarinsa amma ya faɗa mini gaskiya bai taɓa riƙe irinta ba. A daren ta mutu. Da muka buɗe cikin, goma sha ɗaya muka ƙirga a ciki. Har yau namijin yana nan, shekararsa shida, shi kaɗai.

MamanIlham:
Allah sarki. Duk da ba na son su, wannan ya taɓa ni. Haihuwar wuri ko ga ɗan Adam mun san abin da take yi.

DanKusugu:
Mu dai mutanen Daura tarihinmu da masu jan ciki ba mai daɗi ba ne, kun san yadda aka ƙare da macijin rijiya. Amma tambaya ta gaskiya: mi ake da su? Ana ci ne kamar damo?

Sadiq_KofarSauri:
Ba a ci, Malam. Sha'awa ce kawai, kamar mai ajiye aku. Suna da sanyin hali, tawa takan kwanta a kafaɗata ina karatu.

Shamsu_Zomaye:
Damo sarkin haƙuri ya samu kishiya ke nan.

Ummi_Layout:
Ni tambayata ga Likita da ɗan Legas. Tawa mace ce ita kaɗai, ba ta taɓa ganin namiji ba tunda na same ta, amma bara ta yi ƙwai 19. Na ɗauka aljanu ne. In har tana yin ƙwai da kanta, ba shi ke nuna ta isa ba?

BakatsineALegas:
Hajiya Ummi ba aljanu ba ne, kamar kazar gidan gona ce da ke ƙwai ba zakara. Irin wannan ƙwan yakan fito rawaya-rawaya, a lotse, ba ya ƙyanƙyashewa. Mai kyau fari ne, a cike, ɓawonsa da laushi kamar fata. Kuma a'a, ba ya nuna ta isa. Yana nuna jikinta ya fara, kuma ya ci kalsiyam ɗin da mai kyau zai ci. Wannan ma darasi ne ga Sadiq: ko bai haɗa su ba, tasa na iya yin hakan, musamman da take hango namiji kullum. Sadiq ka sa kwali tsakanin akwatunan su daina ganin juna. Kuma duk mai mace ya tanadi robar tono: babbar roba, yashi da ƙasa a cakuɗe, zurfin kamar taƙi guda ko fiye, da danshin da in ka dunƙula zai kama amma ruwa ba zai ɗiga ba. Abin da Abba ya rasa ke nan.

Abba_Dutsinma:
Shi ne fa. Robar da ba ta kai kuɗin katin waya ba.

Mai_Sola_Kofar_Kaura:
Ku bar batun macen tukuna. A ce ma ta kai. Ina za ka ƙyanƙyashe ƙwan? In kana so ina da injin ƙyanƙyasar kaji mai ɗaukar 64, yana aiki da batir, sai in ba ka haya.

BakatsineALegas:
Alhaji kada ka soya masa ƙwai. Injin kaji yana kan digiri 37 da rabi, kuma yana juya ƙwai. Na ƙadangare 28 zuwa 30 yake so, kuma ba a juya shi sam. Yadda ka tono shi haka za ka ajiye shi, har ɗigo ake yi masa da fensir a sama don kada a manta. In ka kifa shi bayan ɗan ya kama, yana iya mutuwa. Wata biyu yake ɗauka, ko da 'yan kwanaki a kai.

Malam_Bishir_Bayoloji:
A nan ne abin ya ba ni sha'awa, don ina koya wa ɗalibai wannan. Sunan wannan ƙadangare a kimiyyance Pogona vitticeps, daga busassun yankunan tsakiyar Ostireliya. Masu bincike a Jami'ar Kanbera sun nuna a 2007 cewa in zafin ƙwai ya haura digiri 32, ɗan da ƙwayar halittarsa ta namiji ce yana iya fitowa mace. A 2015 kuma aka ba da rahoton samun irin waɗannan matan a daji, kuma suna yin ƙwai har su haihu. To ku auna da Katsina. Matsalarmu ba ɗumama ƙwai ba ce, sanyaya shi ce. In Sadiq ya haɗa su yanzu ko a ƙarshen hunturu, ƙwai zai zo bayan sati huɗu zuwa shida, zubi na biyu da na uku su faɗo cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, ɗaki kamar tanda, ga wuta ba tabbas. Wanda bai dahu ba, yana iya fitowa mace.

Shamsu_Zomaye:
Wato zafin Katsina har namiji yake mayarwa mace. Shi ya sa nake kwana a waje.

MamanIlham:
Shamsu Allah ya shirye ka.

Baba_Tantabara:
Malam Bishir, in sanyi ake nema mi ya hana a sa cikin randa? Ko irin tukunya cikin tukunyar nan da yashi mai ruwa a tsakani, wadda malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu kyauta a waje. Matan ƙauye na ajiye tumatir da yalo a ciki.

Malam_Bishir_Bayoloji:
Baba wannan tunani ne mai kyau, kuma a lokacin zafi da iska ta bushe ne tukunyar ta fi aiki. Abin da zan ce kawai, a gwada ta babu ƙwai tukuna. A sa ma'aunin zafi a ciki sati biyu, a rubuta na asuba, na azahar, na dare. In tana tsayawa kusa da 29 ba ta hawa da sauka sosai, to an samu hanya.

Kabiru_Batagarawa:
Kun ga ni nan na fi yarda. Randa na sani.

Likita_Hauwa:
Mu dawo kan macen, don mun yi nisa. Sadiq, me take ci, kuma wace fitila ka sa mata?

Sadiq_KofarSauri:
Fara nake saya mata ɗanya wajen masu kamawa, da latas da ɗan karas. Fitila ƙwan lantarki ne mai zafi. Amma akwatin yana jikin taga, rana na shigowa ta gilashi da safe.

Likita_Hauwa:
To ka ga inda gizo ke saƙa. Ko watanta 30 ne, da wannan tsarin ba zan ce ka haɗa ta ba. Gilashi yana tare hasken UVB, wato wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, shi ne kuwa hasken da fatarta ke buƙata ta yi bitamin D3, wanda in babu shi ko buhun kalsiyam ta ci ba zai shiga ƙashi ba. Ko ka sayi fitilar UVB ta musamman, ka riƙa canza ta don ƙarfinta na raguwa ko tana ci gaba da haske, ko kuma ka yi amfani da abin da Turawa ke kashe kuɗi suna kwaikwayo mu kuma Allah ya ba mu kyauta. Ka yi mata keji na waya, ka fitar da ita hantsi, rabin kejin a inuwa. Kada ka kuskura ka fitar da ita cikin akwatin gilashi, minti kaɗan zai gasa ta. Ka kula da kyanwa da shirwa.

Latas ruwa ne kawai. Ka ba ta ganyen zogale, kabewa da aka goge, ganyen kabewar ma. Alayyahu kaɗan-kaɗan, don yana riƙe kalsiyam. Fara kuma, ka san daga gonar da aka kamo ta? In an yi feshi fa? Ƙwari ana barbaɗa musu garin kalsiyam kafin a ba ta. In ba ka samu na kanti ba, ɓawon ƙwan kaza da aka dafa aka busar aka daka lukwi ya fi babu. Kuma ka kai kashinta a duba tsutsar ciki kafin maganar namiji ta taso.

DanKusugu:
Farar da mu ba ta ishe mu ba da yaji, ita ake ba ƙadangare.

Ummi_Layout:
Likita na gode, ni ma ta taga nake yi. Wani abu kuma: tawa tun shigowar sanyin nan ta rage ci, sai barci a ƙarƙashin katako. Ciwo ne?

BakatsineALegas:
In nauyinta bai faɗi ba, idonta garau, wataƙila kwanciyar sanyi ce. A ƙasarsu suna lafewa lokacin sanyi, wanda a can yake kamawa Yuni zuwa Agusta, su tashi da bazararsu su shiga barbara. A nan Legas nawa ba su cika yi ba, amma hunturun gida na iya sa su. Ki riƙa auna ta duk sati. Masu kiwo da yawa suna barin mace ta yi wannan hutun wata biyu ko uku, ta tashi ta ci ta murmure, sannan a kai ta wurin namiji. A kai ta, a tsaya a kansu, a dawo da ita. Ba zaman aure ake musu ba.

Malam_Bishir_Bayoloji:
Nan ne zan saɓa maka kaɗan. In aka bi hunturu aka haɗa su a Fabrairu, an koma matsalar da na faɗa, ƙwai a tsakiyar zafi. Ni da zan ba da shawara, a haɗa a farkon damina, ƙwai ya kwanta a Yuli da Agusta lokacin da gari ya yi sanyi. Ta Sadiq a lokacin ta haura wata 18.

BakatsineALegas:
Lissafinka na zafi daidai ne Malam, amma wata shida daga 284 da ƙashin da bai sha UVB ba? Ni zan bar ta ta tsallake wannan shekarar gaba ɗaya. Daminar baɗi waccan.

Hajiya_Mai_Talotalo:
Duk kun yi ta kimiyya, ba wanda ya yi tambayar 'yan kasuwa. Sadiq ɗana, a ce komai ya tafi daidai, ƙwai 20 sau uku, ga 'ya'ya 60. Wa zai saya a Katsina? Ka kai su kasuwar Charanchi ko ta Mai'aduwa ka ga yadda za a taru a kanka. Ni talotalo nake kiwo, ana cin su, amma wata shekarar sai na yi ta neman mai saye.

Abba_Dutsinma:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Kuma ƙananan ba zogale suke so ba, ƙwari suke ci sau biyu sau uku a rana, 'yan ƙanana daidai bakinsu. In yunwa ta kama su, wutsiyar juna da yatsu suke cizgewa, kuma irin wannan ƙadangaren wutsiyarsa ba ta sake tsirowa.

Kabiru_Batagarawa:
Masu saye suna Abuja da Kano. Komai da kasuwarsa. Ostireliya ta hana fitar da namun dajinta tuntuni, duk wanda ke hannun mutane a waje haifaffen gida ne. To me zai hana a ce ga na Katsina? Ni ban ce ya haɗa gobe ba, na sauko daga nan. Amma kada a kashe wa yaro gwiwa.

MamanIlham:
Ni dai roƙona ɗaya, in ka taɓa su ka wanke hannu da sabulu kafin ka shiga kicin ɗin mamanka. Kuma sikelin cincin ɗin nan kada ya koma wurin ƙanwarka haka nan.

Likita_Hauwa:
Maman Ilham ta fi mu duka gaskiya a nan. Suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a kashinsu ko da lafiyarsu ƙalau. A kula da yara ƙanana.

Sadiq_KofarSauri:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na sa kwali tsakaninsu tun jiya, namijin ya ɗan lafa amma gemun bai washe ba tukuna. Na ba ta zogale da safe, ta kalle shi ta kalle ni ta juya baya. Kafinta zai zo gobe kan kejin waya. Sikelin kuma ƙanwata ta ce ta yafe, in saya mata sabo. Batun damina mai zuwa ko ta gaba, zan riƙa turo nauyinta duk wata ku gani. Wani abu ɗaya Yaya na Legas: da na ɗaga wutsiyarta ɗazu ina duba kaurin da ka ce, sai na ga kamar tudu biyu a gindin, ɗaya dama ɗaya hagu. Haka na mace yake?

BakatsineALegas:
Tudu biyu? Mace tudu ɗaya gare ta a tsakiya, ko babu. Ka shiga ɗaki mai duhu, ka haska tocilar waya ta saman gindin wutsiyar ka duba ta ƙasa, sannan ka ɗauki hoton cinyoyin ta ciki inda 'yan ramukan nan suke a jere. Turo mu gani.

Shamsu_Zomaye:
Jama'a kada kowa ya tafi.